Kawo Yau, Karɓi Gobe

Akwai wani mai wankin kafet da kusan kowa ya manta ainihin sunansa. Karɓi-Gobe ake ce masa, saboda abin da ya rubuta da jan fenti a jikin motarsa ke nan: KAWO YAU, KARƁI GOBE.

Kuma ba cika baki ba ne. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa saɓa wannan alkawari ba. Shi da yayarsa suka fara sana'ar a bayan gidan mahaifiyarsu, da buroshi biyu da bokiti. Su wanke da safe, su shimfiɗa a kan siminti, kafin yamma kafet ya bushe ƙayau. Daga buroshi suka kai ga inji biyu da mota uku da ma'aikata goma sha biyar.

To, ka san ɗan Adam. Wata rana ya je wani taron 'yan kasuwa, wani mai kwat ya tsaya a gaban allo yana koyar da yadda ake buɗe reshe a ƙasar waje. Ya ce sirrin ɗaya ne, kada ka canza komai. Abin da ya yi maka aiki a gida, ka ɗauke shi yadda yake ka dasa a can: suna ɗaya, riga ɗaya, alkawari ɗaya.

Karɓi-Gobe ya dawo gida kansa na hayaƙi. Ya ce da yayarsa zai tsallaka iyaka, zai buɗe reshe a wani babban birni na bakin teku inda otal-otal suka yi yawa.

Yaya ta ajiye buroshin da ke hannunta ta dube shi.

"Ban hana ka ba. Amma ka fara zuwa kai kaɗai. Ka yi wata uku a can da buroshi ɗaya, ka wanke kafet goma da hannunka, ka ga yadda garin yake. Sannan ka dawo ka ɗauki inji."

"Haba Yaya! Ni da na wanke dubbai, sai na koma koyon wanki? Kafet ai kafet ne a ko'ina."

Bai saurare ta ba. Ya kwashi injinan nan biyu, ya ɗauki mota ɗaya, ya zaɓi ma'aikata bakwai mafi ƙwarewa. Ya bar yayarsa ta koma kan buroshi kamar shekarun farko. Mutum bakwai ɗin nan duk masu iyali ne. Sun bar matansu da 'ya'yansu a kan maganarsa cewa kafin shekara ta zagayo kowa zai ɗauko nasa.

Ranar da ya buɗe sabon shago, wani tsoho ya zo a kan keke. Ya gaisa, ya ce shi ma wankin kafet yake yi a bayan layin masu walda, shekara talatin ke nan. Ya tsaya yana karanta rubutun jikin motar yana motsa baki.

"Ɗana, wannan goben, a nan garin za ka yi ta?"

"A nan mana, Baba. Kai kwana nawa kake yi?"

"Huɗu. In sama ta ɓata rai, biyar. Ina da rumfa mai faɗi, rabinta a banza take. In kana so, kai ka wanke da injinka, ni in busar."

Karɓi-Gobe ya yi dariya har da riƙe ciki. Kwana huɗu! Ya ce a wurinsa kafet ɗin da ya kwana biyu ya zama ɗan gida, sai a raɗa masa suna. Ma'aikata suka taya shi dariya. Ya ɗauko hular talla mai sunan kamfani ya miƙa wa tsohon, ya ce ya riƙa sawa ko ya samu saurin da ke jikinta.

Tsohon ya karɓi hular, ya yi godiya, ya hau kekensa.

Tun makon farko abu ya fara nuna kansa. Za a wanke kafet da safe, a shimfiɗa a saman bene, yamma ta yi yana nan jiƙe. Gari ya waye, sama-sama ya bushe, amma in ka cusa yatsa cikin gashinsa sai ka ji sanyi. Rana a garin nan ba ta da ƙarfi, kullum tana bayan gajimare. Iskar kanta ruwa ne a cikinta, ko riga ka shanya sai ta wuni tana danshi.

Babban ma'aikacinsa, wani da ake kira Dogo, ya same shi a ofis.

"Maigida, kafet ɗin jiya ba su bushe ba. A kira masu su a ce sai jibi?"

"Jibi? Ka fita ka karanta jikin mota. A fesa turare, a naɗe, a sa a leda. Za su ƙarasa bushewa a gidan masu su."

Dogo ya tafi ya naɗe. Jama'a, a nan ne ɓarnar ta fara. Kafet mai danshi a cikin leda, wane bushewa kuma? Mutum biyu suka bugo waya suna ƙorafin wari. Ya ce musu gidajensu ne ke da laima, ya kashe wayar.

Sai babban aikin da yake mafarki ya zo. Manajar wani katafaren otal, mace mai ƙarancin magana, ta kira shi. Ta ce suna da otal shida a birnin. Za ta gwada shi da kafet ashirin da huɗu na zauren taro. Akwai babban taron likitoci ranar Litinin mai zuwa, saura mako guda. In aikin ya yi kyau, duka shidan nasa ne.

Ya kwasa ranar Litinin, ya mayar ranar Talata, a naɗe cikin leda, suna tashin turare. Aka shimfiɗa su, aka kulle zauren. Ya bugo wa yayarsa yana murna, ya ce ta fara shirin zuwa ganin sabon ofis.

Ranar Alhamis da safe wayarsa ta yi ƙara. Manajar ce. Ba ta gaishe shi ba, cewa kawai ta yi ya zo yanzu.

Tun daga bakin ƙofar zauren wari ya tare shi. Wari ne mai hawa kai, irin na tsumman da aka manta a bokiti, ga turaren nan ya cakuɗe da shi ya ƙara muni. Masu shara sun toshe hanci da gefen riga. Manajar ta sa ƙafa ta ɗaga gefen wani kafet. Ƙasansa ya yi ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna.

"Ranki ya daɗe, wataƙila zauren ne ke da..."

"Shekara tara ina buɗe zauren nan, bai taɓa wari ba. Ka kwashe su. Litinin ƙarfe bakwai na safe ina son ganinsu a shimfiɗe, a bushe, babu wari. In ba haka ba, hotunan nan da na ɗauka zan tura wa duk manajojin otal na birnin nan. Ko abin goge ƙafa ba wanda zai sake ba ka."

Abin da ya faɗo masa a rai shi ne mutum bakwai da ya rabo da iyalansu, da yayarsa da ya bari tana durƙuso da buroshi. Sunan da suka gina shekara goma sha ɗaya zai mutu a cikin wayar mace ɗaya.

Aka loda kafet. A hanyar komawa motar ta bi ta layin masu walda. Ya hango doguwar rumfa, ga kafet a rataye jere-jere suna kaɗawa. Dogo ya rage gudu da kansa.

"Maigida, ko mu tsaya mu gaida Baba?"

Karɓi-Gobe ya kalli rumfar. Wallahi zuciyarsa ta ce ya sauka. Amma sai ya tuna hular nan, ya tuna dariyar da ya yi a gaban yaransa. Ya ji ba zai iya ba.

"Wuce. Muna da kwana huɗu. Ni zan busar da su ko da bakina zan hura."

Ranar nan sun ga tashin hankali. Suka sake wanke duka ashirin da huɗun, suka haura da su saman bene, kowane ɗaya sai mutum uku sun ɗauka saboda nauyin ruwa. Ba su gama shimfiɗawa ba aka fara yayyafi. Suka sake saukowa da su a guje, wani ma'aikaci ya zame a matakala ya gurɗe ƙafa.

Ya aika aka sayo fanka goma, aka jera a cikin shago, aka rufe ƙofa don kada iska ta fita. Fankokin suka yi ta juya danshi ɗaya a ɗaki ɗaya, har bango ya fara zufa.

Ranar Juma'a da safe ya taɓa, suna nan jiya i yau, warin ma ya fara dawowa. Ya ruga shagon gyaran gashi na maƙwabta ya aro abin busar da gashi guda uku. Ku duba fa, ƙato da gemunsa, a durƙushe yana busar da kafet ɗin zauren taro da abin busar da kitso! Bayan awa guda ya busar da wurin da bai fi faɗin tire ba, ɗaya daga cikin na'urorin kuma ta ƙone.

Ya ce a kawo dutsen guga. Dogo ya ce kada a yi. Ya fizge da kansa ya danna. Gashin kafet ɗin ya narke, ya bar tabo mai siffar dutsen guga sak, a tsakiyar jan kafet ɗin da ake shimfiɗawa a gaban mumbari.

Ya zauna a kan bokiti ya dafe kai. Can ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ce a hankali, matarsa ta kusa haihuwa, in aikin nan ba zai yiwu ba gara a sallame shi ya koma gida tun da wuri.

Ya shiga ofis ya rufe ƙofa ya kira yayarsa. Yana jin muryarta sai kuka ya ƙwace masa, kuka sosai irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ya faɗa mata komai, har da turaren da ledar.

Yaya ta bar shi ya gama. Ba ta tausaya masa da baki ba, wanke shi ta yi tas.

"Ka naɗe wa mutane kaya da danshi? Kai? A gidanmu aka koya maka haka? To bari in faɗa maka abin da mai kwat ɗinka bai sani ba. Ka kwashi inji, ka kwashi mota, ka kwashi su Dogo, amma babbar ma'aikaciyarmu tana nan ka baro ta. Rana ce take busar mana da kafet shekara goma sha ɗaya, ba ta taɓa neman albashi ba, shi ya sa ka manta da ita. Goben nan da kake taƙama da ita, ba kai kake cika ta ba."

"Yaya, yanzu ya zan yi? Na shiga uku."

"Kafin ka je garin, mutanen can ba sa wanke kafet ne?"



"Akwai wani tsoho," ya ce da ƙyar.

"To me kake yi a waya da ni? Tashi!"

Yamma ta fara yi lokacin da motar ta tsaya a bakin rumfar. Tsohon yana zaune a kan benci yana gyara igiya, kuma ga hular tallan nan a kansa. Karɓi-Gobe ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na zo ne a kan laifina. Na yi maka rashin kunya. Ka taimake ni don Allah, ba don halina ba."

"Tashi, ɗana, ƙasar akwai laima. Hular kuwa tana tare min yayyafi, na gode. Mu ga kayan."

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya wuce ba. Ya sa aka sauke kafet ɗaya, ya sunkuya ya shinshina bayansa, ya girgiza kai. Sannan ya zagaya da shi cikin rumfar. A buɗe take gaba da baya, daidai inda iskar teku ke shigowa ta fita. Babu kafet ko ɗaya a ƙasa, duk a rataye suke a kan sanduna, tsakanin kowane biyu akwai tazarar da mutum zai wuce. A gefe ga wani ƙaton gungumen ƙarfe da ake murzawa a kan kafet ya matse ruwan kafin a rataye.

"A garin nan iska ce ke busarwa," in ji tsohon. "Ita kuwa ba ta son a rufe mata ƙofa, ba ta son a gaggauta ta."

Ya yago fallen jarida ya cusa a cikin ninkin wani kafet da ke rataye. Bayan ɗan lokaci ya zaro, ya murza ta a kusa da kunnen Karɓi-Gobe, ta yi ƙaras-ƙaras. Ya ce in ta fito da wannan ƙarar, kafet ya bushe. In ta fito laɓe-laɓe, ko hannunka ya rantse maka ya bushe, ƙarya yake.

"Baba, za su tashi? Warin zai fita?"

"Zai fita. Akwai ruwan tsami da nake wanke fumfuna da shi. Sai dai mai tabon dutsen guga, wannan ya tafi ke nan."

"Zuwa Litinin da safe?"

Tsohon ya ƙirga da yatsunsa, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Talata."

"Baba, ka rufa min asiri! Litinin ne taron. Zan kawo fanka goma, zan kawo yarana duka, ba za mu zauna ba."

"Ko yara ɗari ka kawo, kwana huɗu ne. Da jiya ka zo, da sun isa." Ya dube shi da tausayi. "Jiya na ga motarka ta rage gudu a nan. Har na miƙe na fara matsar da sanduna."

Wannan maganar ta fi zagi zafi. Kwana ɗaya tak! Kwana ɗayan da ya ƙone a kan abin busar da gashi da dutsen guga, don kada ya ce wa tsoho ya yi haƙuri.

Sai wani tunani ya zo masa, ya ce ko za a sauke su ranar Litinin da asuba, a fesa ɗan turare kaɗan. Bai rufe baki ba tsohon ya ɗaure fuska.

"Ba daga rumfata ba. Ka tafi wurin matar nan yanzu, tun tana da kwana biyu a hannu, ka faɗa mata gaskiya ta nemi mafita. Kada ka bari ta ji a ranar taro."

Tafiyar nan ita ce mafi nauyi a rayuwarsa. Ya tsaya a gaban teburin manajar, hula a hannu, ya ce kafet ba za su samu ba sai Talata, ɗaya kuma ya ƙone shi da hannunsa. Ya faɗa mata da danshi ya kawo su tun farko, kuma yana sane.

Ta dube shi ta ce:

"Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Mako guda cur na ba ka. Da ka ce min kwana huɗu, da na ce ka ɗauki biyar. Ni ban taɓa tambayarka gobe ba. Kai ka rubuta a motarka."

Ba ta tura hotunan ba, ta ce don ya zo da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. Amma otal shidan sun tafi har abada. Aka yi taron a kan kafet ɗin haya, labari kuma ya zaga ta bakin masu shara, don irin wannan ba ya ɓoyuwa. Ya sayi sabon jan kafet ya maye wanda ya ƙone. Ma'aikata huɗu suka koma gida, ya raka su tasha ya kasa haɗa ido da su. Inji ɗaya ya bi su, aka mayar wa Yaya.

Shi da Dogo da mutum biyu suka rage. Ya saki babban shagon, ya kai injin da ya saura gefen rumfar tsohon, kamar yadda aka yi masa tayi tun ranar farko. Shi ya wanke, Baba ya busar.

Wata safiya ya ɗauko wuƙar kankare fenti ya tsaya a jikin motar. Da hannunsa ya kankare kalmar da aka san shi da ita shekara goma sha ɗaya, harafi bayan harafi, jan fentin yana zuba a kan takalminsa. Yana cikin yi wata mata ta tsaya da ɗan kafet ɗin ɗakinta a naɗe.

"Malam, in na kawo yau, yaushe zan karɓa?"

Bakinsa ya buɗe da tsohuwar amsa, har ta kai kan harshe. Ya haɗiye ta. Ya waiwaya ya dubi rumfar, ya dubi sama.

"Kwana huɗu, 'yar'uwa. In sama ta ɓata rai, biyar."

Matar ta ce ba komai, ta ajiye kafet ɗin ta tafi.

Darasi: Kafin ka kai sana'arka wata ƙasa, ka zauna ka tantance abin da kai ke yi da abin da garinku ke yi maka kyauta, don ba komai ne ke shiga mota ya bi ka ba. Ka je da kunne kafin ka je da inji, kuma kada ka raina wanda ka tarar a wurin, shi ya san iskar garin. In ka yi kuskure, ka sauke girman kai a ranar, domin jinkirin kwana ɗaya ya isa ya rushe aikin shekara goma. Ka tura wannan labari ga duk wanda ka san yana shirin buɗe sabon reshe, ko Allah zai sa ya tsaya a bakin rumfa tun ranar Alhamis.